Rijiya kafin raƙumi: tsohon direba da motocin batir na Habasha

Tun zamanin fatake, ruwa ne ke mayar da daji hanya. Ayarin gishiri da ke tashi daga Agadas ya nufi Fashi da Bilma yakan ratsa Tenere, tafiyar kilomita kusan 600 cikin rairayi, kuma da rijiyoyi madugu ke lissafa tafiyar: daga wannan zuwa waccan kwana nawa, salka nawa za ta isa, in an tarar rijiya ta ƙafe ina za a nufa. Haka ma fataken goro masu zuwa Gwanja, zango-zango suke tafiya, kuma da yawa cikin zangunan nan su ne suka zama unguwannin Hausawa da ake gani yau a Gana da Togo da Benin. Da mota ta zo, sai gidan mai ya gaji rijiya. Yanzu kuma ga wata irin mota ta ɓullo, wadda ba ta shan isansi, ba ta shan gazuwal, kuran take sha ta ajiye cikin batir. Amma tambayar madugu tana nan yadda take: ina mashaya, kuma nawa ne tsakanin mashaya da mashaya?

Wannan tambaya ce ta hana wani dattijo na Birnin Ƙonni sakat a shekarar 2025. Tsohon direban kamiyo ne. Ya fara da karen mota a farkon shekarun 1970, lokacin babban fari, sa'ad da ake jigilar hatsin agaji zuwa ƙauyuka. Daga baya ya kama sitiyari, ya yi ta ɗaukar kaya daga Paraku, inda hanyar jirgin ƙasa ta tsaya, ya haye gadar Malanbil da Gaya ya shigo Doso. Ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit tun kafin a shimfiɗa mata kwalta, da gangunan gazuwal ɗaure a bayan mota, domin a wancan zamani direban da ya dogara ga gidan mai na gaba ya sayi wahala da kuɗinsa. Da idanu suka fara rauni sai ya sayar da motarsa ta ƙarshe, ya ajiye kuɗin. Abin da ya mallaka bayan shekara arba'in da ɗoriya bisa hanya shi ne kuɗin nan, da gidan da yake ciki, da wani fili a bakin kwalta kusa da mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ke rabuwa da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram.

Ƴaƴansa maza biyu ne suka sa shi gaba kan abin da za a yi da kuɗin. Autansa ɗan ruwa-ruwa ne, mai jera kwalabe a bakin hanya. Sana'ar ta ciyar da gidaje masu yawa a Ƙonni da Maraɗi, muddin isansin Najeriya na da araha. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, farashi ya ninka a can ƙetare, bayan watanni biyu kuma aka rufe iyaka, riba ta tsuke. Auta na son a gina gidan mai na gaskiya a filin, da famfo da tanki a ƙarƙashin ƙasa, alhali kuɗin ba su kai ko rabin abin da ake bukata ba. Shi kuwa ɗan fari, wanda dattijon bai faɗin sunansa saboda kara, tafinta ne a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Adis Ababa, kuma shawararsa daban take. Ta waya ya ce: «Baba, isansi ya kusa zama labari. A sayo motoci biyu masu batir daga Sin, a sa su jigilar fasinja tsakanin Ƙonni da Yamai. Ni ma irinta nake hawa, kuma ban ƙara tsayawa gidan mai ba.» Dattijon ya amsa masa cewa bai saba sa kuɗi cikin abin da idonsa bai gani ba. Da aka yi wa ɗan nasa haihuwa a ƙarshen shekarar, sai aka aiko masa da tikitin jirgi, ya tafi suna, da niyyar ya ga jika, ya kuma ga mota.

Ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa Habasha ta zama wurin ganin wannan al'amari. A watan Janairu 2024 gwamnatin ƙasar ta hana shigo da ƙananan motoci masu aiki da isansi ko gazuwal, abin da babu ƙasar da ta riga ta yi a duniya. Talauci ne ya kai ta ga haka, da kuma arziki. Tun da Eritriya ta ɓalle a 1993 Habasha ba ta da gaɓar teku, kusan duk man da take sha ta Jibuti yake shigowa, kuma sayensa na cinye mata fiye da dalar Amurka miliyar 4 kowace shekara, a ƙasar da kuɗin waje suka yi mata ƙaranci har ta kasa biyan wani bashinta a Disamba 2023. Ta wani gefen kuma Allah ya hore mata koguna da tsaunuka, fiye da kashi 90 cikin 100 na wutarta daga ruwa take fitowa. A Afrilu 2011 firaminista Meles Zenawi ya aza harsashin babbar madatsa bisa kogin Abbay, wato Shuɗin Nilu, kusa da iyakar Sudan, kuma galibin kuɗin aikin daga cikin ƙasar suka fito. An buɗe ta ranar 9 ga Satumba 2025, da ƙarfin megawat 5.150, mafi girma a Afirka. Lissafin hukuma a fili yake: me zai sa a ci bashi a sayo mai daga ƙetare, ga wuta tana malala a gida?

Abin da dattijon ya fara gani ya burge shi, kuma bai ɓoye ba. Motar ɗansa, ƙirar BYD, ta tashi daga filin jirgi na Bole ba ƙara ba hayaƙi, ta haye tudun birnin kamar ana jan ta da igiya. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa ƙarƙashin mota, hannu baƙi ƙirin, ya buɗe gabanta ya duba, bai ga buji ba, bai ga kabireta ba, babu man inji da za a juye. Sun wuce gidajen mai inda motoci suka yi layi har ya karya kwana, direbobi na gyangyaɗi bisa sitiyari, ɗan nasa ya nuna masa su da haɓa bai ce komai ba. Da aka gaya masa abin da motar ke ci na wuta a wata, aka gwada da abin da tsohuwar ke ci na isansi, sai ya yi salati. A daren farko ya kwanta yana ganin watakila yaron nan yana da gaskiya.

Dare na biyu ne ya fara lura da igiyoyi. Yawancin ma'aikatan Adis Ababa a gidajen sama suke zaune, bene bisa bene, kuma mai mota a hawa na uku ba shi da garejin kansa. Sai ka ga waya ta sauko ta taga, ta bi bango, ta ratsa tsakar fili ta shiga cikin mota. Ta ɗansa ma haka take kwana. Nan ne ya nemi a yi masa bayani dalla-dalla, aka kuwa yi masa da misalin da ya sani. Batir randa ne, girmansa ana auna shi da kilowat-awa. Abin caji kuma bakin tiyo ne, faɗinsa ana auna shi da kilowat. Randar matsakaiciyar mota na ɗaukar kilowat-awa 50, kuma kowane kilomita 100 na shanye 15 zuwa 20. Tiyon ɗaki, irin wanda ake sa rediyo ko dutsen guga, bai ba da abin da ya wuce kilowat 2 da ƴan kai, saboda haka cika randa daga ƙasa har baki zai ɗauki kwana guda cur. Akwatin da ake kafawa jikin bango mai kilowat 7 yakan cika ta cikin dare ɗaya. Duk wannan kuwa in wuta ta zauna. A daren nan an ɗauke ta wajen ƙarfe ɗaya, ba ta dawo ba sai bayan asuba, ɗan nasa ya fita aiki yana kallon allon mota kamar mai ƙidayar sauran hatsi a rumbu.

Washegari aka kai shi babbar mashaya. A Fabrairu 2025 kamfanin Ethio Telecom ya buɗe tashar caji mai sauri a kan hanyar Bole zuwa Megenagna, wadda ke iya shayar da motoci 32 a lokaci guda, ana biya ta wayar hannu. Wuri ne tsaf, kuma cike da ƴan tasi. Injunan irin wannan tasha suna juya kuran na layi su tura shi kai tsaye cikin batir, da ƙarfin kilowat 50, ko 150, ko fiye, ta yadda cikin rabin awa mota ta sami kashi 80 cikin 100. Daga nan injin yakan rage hannu don kada batir ya yi zafi, kamar mai zuba ruwa a tulu da ya ga ya kusa baki. Dattijon ya zagaya bayan tashar, inda direbobi ba sa dubawa, ya tsaya gaban taransfomomi. Ya san irin wanda ake ratayawa bisa ginshiƙi a garuruwan Nijar, wanda mafi girmansa ke ba da kilowat 150 ko kusa da haka, ya ciyar da unguwa guda da fitilunta da fankokinta da injin niƙanta. Aka ce masa inji guda mai sauri, in yana aiki da dukkan ƙarfinsa, abin da yake ja ke nan. Wato mota ɗaya, cikin rabin awarta, tana shan rabon unguwa.

Ya kuma ga wani abu da bai taɓa gani ba a gidan mai. Wani mutum ya iso da motarsa, ya ɗauko kan waya, ya juya shi dama ya juya hagu, bai shiga ba. Bakin famfon isansi iri ɗaya ne daga Dakar har Jibuti, amma bakin caji kowa da nasa: Sin na da wanda ake kira GB/T, Turai na da CCS2, Japan ta daɗe da CHAdeMO, kamfanin Tesla na Amurka ya fito da nasa. Ƙasar da ke sayen mota daga ko'ina takan gaji rigimar kowa. Mutumin ya shiga tambayar ƴan tasi ko akwai mai abin haɗi ya ara masa, kamar baƙon da ya zo bakin rijiya ba guga.

Ranar hutu dattijon ya ce yana son ganin bayan gari. Suka bi sabuwar hanya mai faɗi zuwa Adama, tafiyar kilomita 100 ko ƙasa da haka, suka ci abinci suka dawo lafiya. A hanya ya ce ya ji labarin tafkin Hawasa, kilomita kusan 275 kudu da babban birni, ko za a kai shi? Ɗan nasa ya ɗan yi jim, sannan ya ce: «Za a je, Baba. Sai dai zan ari motar abokina, tasa mai isansi ce.» Dattijon bai ce uffan ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Tsohon direba ya san ma'anar mota da ke tsoron nisa da gida.

Hausawa na cewa rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Habasha na sayar da wuta ga Jibuti da Sudan da Kenya, alhali cikin mutanenta fiye da miliyan 120 kusan rabi ba su da ita a ɗakunansu. Madatsa aikin wuri guda ce, amma kai wuta kowane gari, da ginshiƙai da wayoyi da taransfomomi da masu gyara su, aiki ne na kowane kilomita. Hukumomin ƙasar sun san da haka, shi ya sa suka fitar da ƙa'ida cewa a kafa tashar caji a kowane kilomita 50 na manyan hanyoyi. Tarayyar Turai ma ta yi irin wannan doka a 2023, ta ce kowane kilomita 60. Ƙasar Norwe, inda kusan motoci 9 cikin 10 da aka saya sababbi a 2024 masu batir ne, ta share shekaru tana shimfiɗa mashaya, kuma yawancin mutanenta a gida suke caji cikin dare, da wutar da ba ta ɗaukewa. Rubuta kilomita 50 a takarda aikin yini guda ne. Tabbatar da shi tsakanin Adis Ababa da Dire Dawa, shi ne aikin shekaru.

Daren da ya rage kwana biyu ya koma, uba da ɗa suka zauna, suruka ta kawo gahawa irin ta ƙasar ta ba su wuri. Ɗan fari mutum ne mai karatu, ya zo da hujjarsa. Ya ce: «Baba, ai ita ma motar isansi ba ta tarar da gidan mai ba. A 1888 wata Bajamushiya, Bertha Benz, ta tuƙa motar mijinta fiye da kilomita 100 daga Mannheim, da mai ya ƙare a kantin magani ta saya. Mota ce ta fara zuwa, gidan mai ya biyo ta. In kowa ya ce sai an gina tasha zai sayi mota, mai gina tasha kuma ya ce sai ya ga motoci, to har abada ba za a tashi ba.» Dattijon ya kurɓi gahawa, ya ce: «Kai, maganarka tana kan hanya. Amma matar nan a cikin me aka ba ta man?» Ɗan ya ce a kwalba. Ya ce: «To, ka gani. Isansi yana shiga kwalba, yana shiga jarka, yana hawa jaki, yana hawa bayan moto. Ƙanenka da kwalba goma da mazurari ya zama gidan mai. Duk inda gwamnati ba ta kai ba, talaka ya kai. Ni da kaina na ɗauki mashayata a bayan mota har Arlit. Wannan wutar taku fa, a wace kwalba zan zuba ta?»

Sannan ya yi masa lissafin hanyar da ya sani kamar tafin hannunsa. Daga Ƙonni zuwa Yamai kilomita 420 ne ko kusa. Mota mai randar kilowat-awa 50, cike da fasinja da kaya bisa rufi, tana gudu da na'urar sanyi a kunne cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da wuya ta wuce kilomita 250. Ke nan dole ta sha a Dogon Dutsi, ta kuma sake sha a Doso. A iya saninsa na hanyar bai taɓa ganin inda za ta sha cikin rabin awa ba, in kuwa a bangon wani ɗaki za a liƙa ta, fasinja sai su kwana su yini. Adis Ababa tana bisa tsauni mai tsawon mita fiye da 2.300, da sanyinta, batir kuwa ba ya ƙaunar zafi: yana saurin tsufa, kuma shi kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin mota. Bayan haka ga tushen wutar kanta. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na kuran da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa. A farkon Agusta na shekarar aka yanke shi, bai dawo ba sai Maris 2024, kuma duk wanda ya zauna ƙasar a watannin nan ya san abin da duhu ke nufi. Tashar hasken rana ta Gorou Banda da ta fara aiki a 2023 megawat 30 ce: injunan caji 200 masu kilowat 150 sun isa su shanye ta tas da tsakar rana. A ƙasar da mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida, wa za a kashe wa fitila don mota ta sha?

Ɗan ya yi shiru, amma amsar tambayar kwalba ta riga ta zo wa dattijon tun ranar suna, daga bakin wani abokin aikin ɗansa, mutumin Ruwanda. Shi ne ya ba shi labarin ƴan kabu-kabun Kigali, inda tun Janairu 2025 aka daina yi wa sababbin motocin haya masu ƙafa biyu rajista in masu isansi ne. Can ɗan kabu-kabu bai jiran caji. Yakan tsaya a wata rumfa, a zare masa batirin da ya ƙare, a sa masa cikakke, ya biya ya wuce, cikin abin da bai fi minti biyu ba. Batirin na kamfani ne, shi wutar kawai yake saye. Kamfanin Ampersand ya fara haka a Kigali, wani kuma mai suna Spiro ya shiga Kwatano da Lome tun 2022. Dattijon ya gane abin nan take, domin sana'ar autansa ce aka sauya mata riga: kwalba cike a karɓi wofi. Batirin moto bai wuce kilowat-awa 3 zuwa 4 ba, mutum guda na ɗaga shi. Faifan hasken rana mai wat 400 yana ba da kusan kilowat-awa 2 a yini a ƙarƙashin ranar Sahel. Faifai 25 za su yini suna cika mota ɗaya tak, amma su ɗin nan dai za su cika batiran moto wajen 15, ba tare da an taɓa wutar kowa ba. Kuma tafiyar talakan Ƙonni, daga kasuwa zuwa asibiti, daga Galmi zuwa gonar albasa, ai bisa moto take.

Da ya dawo gida ya tara iyali ya faɗi abin da ya yanke. Ba za a sayi mota ba, ba za a kuma gina gidan mai ba. A filin Tsarnawa aka haƙa rijiyar burtsatse, aka sa mata famfo mai aiki da rana. Aka kafa rumfa mai faɗi, aka jera faifai 20 bisa rufinta, su ba da inuwa a ƙasa, su kama rana a sama. Aka sayi firiji biyu na ƙanƙara da ruwan sanyi, da allon cajin wayoyi da fitilu, aka ware wurin salla da wurin da mai tuwo za ta zauna. Gefe guda kuma aka gina ɗaki mai kauri, mai tagogi ta sama don iska, aka ja masa waya, aka bar shi wofi. Da auta ya tambaya ɗakin na mene ne, sai ya ce: «Na kwalaben da ba su iso ba tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.»

Ba za a ce dattijon ya ci gardama ba. Ɗan fari har yanzu yana ganin mahaifinsa ya ji tsoro, kuma hujjarsa ba ta mutu ba: a Habasha motocin ne suka tilasta aka fara gina tashoshi, kuma farashin batir yana ta sauka shekara bayan shekara. Yana yiwuwa ɗakin nan ya daɗe a rufe, kamfanonin batir su tsaya bakin teku ba su hauro arewa ba. Yana yiwuwa kuma su zo da nasu rumfuna, su ƙi hulɗa da mai ƙaramin jari, domin batirin wannan kamfani bai shiga moton wancan. Ƙura tana rufe faifai, sai an bi su da tsumma kowace safiya lokacin hunturu. Kuɗin da mutum ya tara cikin shekara arba'in sun koma ƙarfe da gilashi a bakin hanya, kuma ba shi da wata motar da zai sayar in abin ya ƙi.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mai fili guda, wanda sai hukuma. Ƙasar da ta ga abin da ya sami wasu tana da damar zaɓar bakin caji iri ɗaya tun motoci ba su yi yawa ba, ta sa duwan su tsare shi. Tana da damar hana a mayar da ita jujin tsofaffin motocin da batirinsu ya mutu, domin motar hannu mai isansi bakanike na iya tayar da ita, amma mai mataccen batir sai dai kaji su kwana ciki. Makarantun koyon sana'a na bukatar fara horar da yara tun yanzu, saboda batirin mota na ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400, wadda ba ta yi wa mai koyo da gwaji gargaɗi sau biyu. Haka kuma dole a san inda za a kai batiran da suka ƙare aiki, kada su bi sawun ledoji cikin magudanai da gonaki. Sama da duka, wutar da za a ba mota kada a ɗebe ta daga rabon asibiti da makaranta, a samo mata sabuwa daga ranar da ke dukan ƙasar kyauta.

Shi kuwa auta, wanda ya fi kowa fushi da farko, ya rage yawan kwalabensa zuwa rabi. Da safe yana goge faifai, da rana yana sayar da ƙanƙara ga direbobin Tawa da Maraɗi, da yamma kuma yana zuwa wurin wani mai haɗa wutar sola a cikin gari yana koyon aiki. Ya riga ya san bambancin wat da bolt, ya san abin da ke kashe batir da abin da ke tsawaita ransa, kuma mutanen ƙauyukan kewaye sun fara kiransa ya duba musu nasu. Kuɗin da ke shigowa ba su kai na zamanin arahar isansi ba, amma babu mai bin sa da gudu a kan iyaka, kuma matarsa ta daina kwana da fargabar gobara. Allah ya sa wa zangon albarka, ya kawo masa baƙin da aka gina shi dominsu.